Kalmar "Loot" ta Ingilishi da Fassara Ta da "Ganima": Sharhi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda yake sauraren labaran Hausa a gidajen rediyo, ko yake karanta su a jaridu da shafukan intanet, ba zai rasa cin karo da furucin nan "kwasar ganima" ba. Idan tarzoma ta ɓarke aka fasa kantuna, sai a ce matasa sun kwashi ganima. Idan ana maganar mai muƙamin da ya yi sama-da-faɗi da kuɗin jama'a, akan ji an ce ya mai da baitulmali ganima. In aka bi sawun irin waɗannan labarai zuwa ga Ingilishin da aka fassaro su daga ciki, galibi kalmar da za a tarar ita ce "loot" ko "looting". Furucin ya yi naso har ya kai inda Ingilishin ma bai ambaci "loot" ba, domin idan tankar mai ta kife mutane suka sheƙo da jarkoki, nan ma cewa ake yi sun je kwasar ganima.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan fassara, ta hanyar duba tarihin kalmomin biyu da nauyin da kowace ke ɗauke da shi a wurin masu ita. Abin da za a nuna shi ne, kalmomin sun yi tafiya ne ta fuskoki biyu masu kishiyantar juna, kuma haɗa su wuri guda yana juya hukuncin da labari yake ɗauke da shi, watau abin da Ingilishi ya kira laifi sai Hausa ta sa masa rigar halal.

2.0 Asalin kalmar "loot" da yadda ma'anarta ta sauya

Kalmar "loot" ba haifaffiyar Ingilishi ba ce. Turawan Ingila sun aro ta ne daga harshen Hindi na ƙasar Indiya, inda take nufin ƙwace da washe dukiya, kuma ta fara bayyana a rubuce cikin Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 18, zamanin da Kamfanin Gabashin Indiya yake shimfiɗa mulkinsa bayan yaƙin Falasi na 1757. Wannan ba shi ne karo na farko da Ingilishi ya ari kalmar wannan aiki daga fagen fama ba. Kalmar "plunder" daga Jamusanci ta zo, ta bakin sojojin da suka halarci Yaƙin Shekara Talatin na 1618 zuwa 1648, ita kuwa "pillage" daga Faransanci.

Abin lura a nan shi ne, a ƙarni na 19 sojan Ingila ba ya jin kunyar wannan kalma. Rundunarsu tana da tsarin naɗa wakilai waɗanda ke tattara abin da aka samu bayan an ci gari, su yi gwanjonsa, a raba kuɗin bisa ga muƙami. Wannan rabo na hukuma "prize" suke ce masa. Abin da soja ya cusa a jakarsa kafin wakilan nan su iso shi ne "loot", amma a aikace iyakar da ke tsakanin biyun ba ta da kauri. An yi haka a fadar Tipu Sultan a 1799, da biranen Delhi da Laknau bayan tawayen 1857, da Magadala ta Habasha a 1868, da Kumasi a 1874. A 1860, da sojojin Ingila da na Faransa suka washe fadar bazara ta sarkin Sin a kusa da Bejin, wani hafsa ya kai wa Sarauniya Biktoriya wata 'yar karya da aka ɗauko daga can, aka sa mata suna "Looty". Wanda ya raɗa wa kyautar sarauniya wannan suna lalle bai ɗauki kalmar abin zargi ba.

Daga baya ne al'amarin ya juya. Yarjeniyoyin birnin Heg na 1899 da 1907 sun haramta washe gari ko da an ci shi da yaƙi, sa'an nan yarjejeniyar Janiba ta huɗu ta 1949 ta ƙarfafa wannan hani. Yayin da doka ta rufe ƙofar, sai kalmar ta tashi daga bakin mai alfahari ta koma bakin mai ƙara. A Ingilishin yau, in ban da cikin raha ko wasannin kwamfuta, idan aka ce wani ya yi "looting" to an tuhume shi ke nan. Shaidar ƙarfin wannan tuhuma ta fito fili a 2005, lokacin ambaliyar guguwar Katrina a jihar Luwiziyana ta Amurka, sa'ad da aka yi ta cece-kuce a kan hotuna biyu daga kamfanonin dillancin labarai daban-daban. A ɗaya an ce wani baƙin saurayi da ke ratsa ruwa da kayan abinci "looting" ya yi, a ɗayan kuwa an ce wasu fararen fata biyu tsintar nasu suka yi. Aiki iri ɗaya, suna biyu, hukunci biyu.

3.0 Dalilin da Hausa ba ta ari kalmar ba

Hausa ba ta ƙyamar aro. Misali na kusa shi ne sunan Kwangila ta Zariya, mahaɗar nan inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta gamu da wadda ta nufi Samaru da Funtuwa har Sakkwato. Kalmar "kwangila" masana suna danganta ta da "contractor" ta Ingilishi. Ta shigo ne tare da wani sabon tsari na ba da aiki a kan yarjejeniya, ta sami siffar Hausa, ta haifi "ɗan kwangila", har ta zama sunan wuri. Haka "mota" da "tanka" da "kamasho" da ake ji kullum a wannan mahaɗa. Harshe yakan ari suna ne idan abin ya zo masa baƙo.

Ɗaukar dukiyar wani kuwa ba baƙon abu ba ne a ko'ina, don haka Hausa ba ta bukaci "loot" ba. Tana da kalmominta, kuma kowace da gurbinta:

(a) Sata: ɗauka a ɓoye.
(b) Ƙwace da fashi: ɗauka a fili da ƙarfi, fashi kuwa da makami ko tare hanya.
(c) Wawaso ko wasoso ko warwaso: taron jama'a su auka wa kaya, kowa ya ɗibi abin da hannunsa ya kai.
(d) Wawura da wawushewa: ɗiba da gaggawa da haɗama.
(e) Handama da babakere: mai iko ya tattare abin da ya kamata a raba.
(f) Rub-da-ciki da sama-da-faɗi: cinye abin da aka ba mutum amana.
(g) Wasau: ƙwace dukiyar wanda aka tuɓe daga sarauta, al'adar da M. G. Smith ya yi bayaninta a littafinsa na 1960 a kan tsarin mulkin Zazzau.

Ke nan inda Ingilishin jarida ya tara abubuwa da yawa cikin kalma guda, Hausa ta rarrabe su ta fuskar wanda ya ɗauka, da yadda ya ɗauka, da matsayinsa ga abin da ya ɗauka. Wannan wadata ita ce ta ɗora wa mai fassara nauyi, domin ba zai iya fakewa a bayan kalmar aro ba. Dole ne ya zaɓa, kuma zaɓinsa hukunci ne. Abin mamaki shi ne, cikin duk waɗannan kalmomi, wadda ta fi samun karɓuwa ita ce guda ɗayar da ba ta cikin jerin laifuffuka.

4.0 Ganima a gidanta

Kalmar "ganima" daga Larabci take, kuma tushenta ɗaya da sunan da Larabawa ke kiran tumaki da awaki. Ta shigo Hausa ta hanyar karatun addini, tare da 'yan uwanta "humusi" da "fai'i". A fiƙihu ma'anarta tana da iyaka sosai. Ganima ita ce dukiyar da aka samu daga abokan gaba a yaƙin da shari'a ta yarda da shi, ƙarƙashin shugaba. Ba ta zama mallakar kowa sai an tara ta wuri guda, an fitar da humusi, watau kashi ɗaya cikin biyar, kamar yadda aya ta 41 ta Suratul Anfal ta tsara, sa'an nan a raba sauran kashi huɗun ga mayaƙa. A mazhabar Malikiyya mai doki yana da rabo uku, biyu na doki ɗaya nasa, dakare kuwa rabo ɗaya. Duk almajirin da ya sauke Risala a zauren malaminsa a birnin Zariya ya wuce ta kan wannan babi.

Muhimmin abu kuma shi ne, shari'ar da ta halatta ganima ita ce ta ware sunaye biyu ga masu keta tsarinta. Na farko shi ne "nuhba", watau rububin ɗiba kafin rabo, kuma hadisi ya zo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an kifar da tukwanen naman dabbobin da aka yanka kafin a raba su. Wannan shi ne wawaso. Na biyu shi ne ɓoye wani abu daga dukiyar da ba a riga an raba ba, wanda aya ta 161 ta Suratu Ali Imrana ta yi gargaɗi a kansa, kuma Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya kira shi "gululu" a tarjamarsa ta Alƙur'ani. Malamai sun shigar da ha'incin ma'aikacin hukuma cikin wannan babi, bisa hujjar ƙissar ma'aikacin zakka da ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, aka tsawatar masa.

Shugabannin jihadin ƙarni na 19 sun san hatsarin wannan iyaka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya keɓe fasulla ga hukuncin ganima da humusi da gululu a cikin Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya kammala a 1806, ana tsakiyar yaƙi. Ƙanensa Malam Abdullahi ya ga yadda son dukiya da mulki ya fara rinjayar wasu daga cikin jama'a, har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano inda ya rubuta Liya'ul Hukkam, kuma ya bayyana wannan ɓacin rai nasa a Tazyinul Waraƙat. Ba a nan ake cewa duk abin da aka kira ganima a tarihinmu ya cika sharuɗɗan littafi ba. Al'ummomin kudancin Zazzau da hare-haren ƙarni na 19 suka shafa suna da nasu sunan ga abin da ya same su. Wannan ma yana ƙara tabbatar da batun: "ganima" kalma ce ta mai ɗauka, wadda da ita yake cewa yana da haƙƙi. Wanda aka ɗauke wa kaya bai taɓa kiran asararsa ganima ba.

To, ga tafiyar kalmomin biyu. "Loot" ta faro daga alfaharin soja ta ƙare a tuhuma. "Ganima" ta faro daga hukunci mai tsauri tana neman ƙarewa a ma'anar banza ta faɗi. Mai fassara da ya daidaita su ya ɗauki kalmar mai ƙara ya mayar da ita kalmar wanda ake ƙara.

5.0 Gwada fassarar a kan misalai huɗu

5.1 Kayan tarihi. A watan Fabrairu na 1897 sojojin Ingila sun ci birnin Binin, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa, daga baya aka kai Oba Ovonramwen Kalaba. Dukan gardamar da ake yi a kan mayar da waɗannan kaya, wadda ta kai ga Jamus ta sa hannu a 2022 a kan miƙa wa Nijeriya mallakar fiye da guda 1,000, ta rataya ne a kan tambaya ɗaya: halattaccen rabon yaƙi ne ko kuwa ƙwace? Masu neman a mayar suna cewa "looted" ne don su kafa hujjar cewa ƙwace ne. Idan Hausa ta ce "kayan da Turawa suka kwasa ganima", ta ba da shaida ga ɓangaren da labarin yake ƙara, ba tare da ta sani ba.

5.2 Dukiyar hukuma. Ingilishin Nijeriya ya yi amfani da "loot" ƙwarai a kan kuɗaɗen da aka danganta da Janar Sani Abacha, wanda ya yi mulki daga 1993 zuwa 1998, irin su dala miliyan 321 da Suwizalan ta amince ta mayar a 2017, da dala miliyan 311 da aka karɓo daga tsibirin Jasi da haɗin gwiwar Amurka a 2020. A irin wannan zargi, ko a kan wa aka yi shi, abin da ake tuhuma shi ne cin amana. Mai muƙami ba ya yaƙi da baitulmali, tsaronsa aka ba shi. Da ma'aikacin da ya ƙara kuɗi a takardar kwangila, da ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin aiki ya gudu, babu wanda ya ci garin abokan gaba a cikinsu. In ana son kalmar addini, "gululu" ce ta dace, in kuwa ta yau da kullum ake so, ga rub-da-ciki da wawushewa.

5.3 Tarzoma. A watan Oktoba na 2020 jama'a sun fasa rumbunan ajiyar kayan tallafin annobar korona a garuruwa da dama, ciki har da Jos da Kaduna da Yola. A watan Agusta na 2024 kuma, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an fasa wata cibiyar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa a Kano, sa'an nan gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar hana fita ta awa 24 a biranen Kaduna da Zariya. A game da rumbunan 2020 an yi saɓani na gaske. Wasu sun ce sata ce, wasu suka ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, tun da kayan na talakawa ne aka jibge ba a raba ba, hukumomi kuwa suka ce ajiya ce ta rabo na gaba. Kalmar "wawaso" tana bayyana abin da ido ya gani, ta bar wa mai sauraro da alƙali su yanke hukunci. Kalmar "ganima" kuwa tana ɗauke da wata da'awa mai nauyi, watau cewa hukuma, ko mai kantin da aka fasa, abokin gaba ne wanda dukiyarsa ta halatta.

5.4 Hatsarin mota. A nan ne abin ya fi muni, domin rayuka ake asara. A ranar 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kife a Majiya ta Jihar Jigawa, wuta ta tashi ana cikin ɗibar mai, fiye da mutum 150 suka rasu. A Janairun 2025 aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Man da ya zube daga tanka, ko buhunan da suka faɗo daga tirela, ko tsintuwa ba su kai ba, tun da mai su sananne ne, ita kuwa tsintuwa hukuncinta a yi cigiya shekara guda. Talauci ne babban abin da ke tura mutane bakin tanka, wannan ba a musu. Amma yaron da ya tashi a wuri irin Kwangila, inda manyan motoci ke wucewa dare da rana, yana jin manya da rediyo suna kiran abin da ya zube ganima, an riga an rage masa wani shinge da harshe ya kamata ya gina masa.

6.0 Hanzarin masu kare furucin

Akwai hanzari biyu da ya kamata a saurara. Na farko, za a ce ma'anar kalma tana faɗaɗa, kuma aikin mai nazarin harshe shi ne ya bayyana yadda ake magana, ba ya kafa doka ba. Lalle haka ne, kuma a bakin direbobi da 'yan kamasho da ɗalibai ana jin jimloli irin waɗannan:

(1) Ana gwanjo a kasuwa, je ka kwashi ganima.
(2) Yau na ci ganima, fasinja ya bar mini canji.

A nan "ganima" daidai take da "garaɓasa", kuma babu wanda aka zalunta. Sai dai faɗaɗar ma'ana takan zama marar illa ne idan tsohuwar ma'anar ta mutu ko ta yi nisa. Ta ganima kuwa tana nan da ranta. Ana karanta ta a tafsirin kowane watan azumi, ana koyar da ita a zaure da jami'a. Bugu da ƙari, tun daga 2009 ƙasar nan take fama da 'yan Boko Haram, waɗanda ke kiran dukiyar da suka ƙwace daga ƙauyuka da wannan suna da gangan, don su halatta wa kansu ita. Ɗan jaridar da ya ce sun kwashi ganima ya ba su abin da malamai suka hana su.

Hanzari na biyu shi ne cewa furucin ba'a ce, watau gatse ake yi wa masu ɗibar. Wannan ma yana da ƙamshin gaskiya. Amma gatse yana rayuwa ne da murya da yanayin fuska da sanin juna tsakanin masu hira. Idan ya shiga kanun labari, aka maimaita shi shekara da shekaru, sai gatsen ya bushe, sunan ya zauna. Yawancin masu rubuta "kwasar ganima" a yau ba gatse suke yi ba, kalmar da ta fi kusa da hannu suka ɗauka.

7.0 Kammalawa

An ga cewa "loot" kalma ce da ta koma tuhuma, "ganima" kuwa kalma ce ta da'awar haƙƙi, don haka ɗaya ba ta zama madadin ɗaya sai a wuri ƙunƙuntacce, watau inda ake bayar da labarin yaƙi ta bakin waɗanda suka ɗauki abin halal. A sauran wurare, shawarar da wannan maƙala ke bayarwa ga masu fassara da malaman da ke horar da su ita ce su yi tambaya uku kafin su zaɓi kalma: wa ya ɗauka, ta wace hanya, kuma mene ne matsayinsa ga abin da ya ɗauka? Idan taro ne ya auka wa kaya, wawaso ne. Idan mai amana ne, rub-da-ciki ne ko cin gululu. Idan mai makami ne, fashi ne. Idan rundunar mamaya ce, ƙwace ne da washe gari. Haka kuma ya kamata masu tsara ƙamus na Ingilishi da Hausa su riƙa rarrabe waɗannan gurabe da misalai a ƙarƙashin kalmar, domin jera ma'anoni a layi ɗaya shi ke sa ɗalibi ya zaci duk ɗaya ne.

Akwai sauran aiki ga manazarta. Zai yi amfani a bi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, a ga kalmomin da Abubakar Imam da abokan aikinsa suka zaɓa sa'ad da suke ba da labaran Yaƙin Duniya na Biyu, a kwatanta da na rahotannin tarzomar shekarun baya-bayan nan. Irin wannan bincike ne zai nuna lokacin da "ganima" ta fara fita daga babin jihadi ta shiga babin hatsarin mota, da kuma hannun da fassara take da shi a cikin wannan ƙaura.